Rabin Taken da Ya Ɓace wa Verlon

Kafin idon kowa ya ga bikin nan, idon Verlon Slusher ya gan shi. Duk masu manyan hulunan da ke cika birnin bakin kogi kowace kaka suna bugun ƙirji wai tun farko da su ake yi, 'yan bana-bakwai ne. Ranar da Verlon ya fara zuwa, bikin kiɗan bulugiras ɗin, wato kiɗan goge na mutanen duwatsu, gaba ɗayansa bai wuce amalanken ciyawa guda a bayan rumbun taba ba. Makirufo ɗaya ne, an ɗaure shi a sandar tsintsiya, 'yan kallo kuwa karnuka ne da wani mashayi da ya zaci jana'iza ake yi. Wa ya riƙe sandar? Verlon. A ranar ya faɗa wa makaɗan cewa abin nan zai cinye garin, suka yi masa dariya. Yau ga shi an rufe tituna saboda shi.

Ba mutumin da za a yi wa dariya ba ne. Ramin kwal ya rufta da shi a duwatsun Kentucky na Amurka, ya fito da ƙafafunsa yana tambayar wa ya cinye masa abincin rana. Ambaliya ta tafi da gidansa, ya zauna a kan rufin coci da gogensa a hammata har ruwa ya gaji ya janye. Bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa ne a jikin allo sai an nuna masa, amma duk taken da ya shiga kunnensa sau ɗaya ya zama nasa. Bara hawan jini ya kayar da shi a gonar wake, likita ya ce da wuya hannunsa na dama ya sake riƙe cokali. Yanzu hannun yana jan bakan goge, likitan kuwa shi ne ke dogara sanda.

Abu ɗaya ciwon ya tafi da shi. Akwai wani take da Verlon ya gada daga wurin ubansa, ana ce masa Alfadari Ya Ƙi Gada. Kamar kowane take na mutanen duwatsu, gida biyu ne: gangara, inda goge ke gurnani a ƙasa, da hawa, inda yake tashi sama yana kuka. Gangarar tana nan daram. Hawan ne ya ɓace, kamar an yanke shi da almakashi. Wannan take shi ne matarsa Icie ta fi son takawa, kuma tun da ta rasu, duk Lahadin gyaran kaburbura, bayan an share ciyawa an jera furanni, Verlon yakan tsaya a kanta ya ja mata shi. A gyaran da ya wuce ya tsaya gaban dangi kaf, ya gama gangara, baka ya tsaya cak. Ya ce tsirkiya ce ta saki. Ba wanda ya musa masa, shi ya fi yi masa ciwo. Yanzu wani gyaran ya matso, kuma ya rantse ba zai sake tsayawa kan Icie da rabin take ba.

Shi ya sa ya sa 'yarsa Lorene, wadda ita ma furfura ta fara kama ta, ta ɗauko shi a motarta ta a-kori-kura suka gangaro birni.

"Baba, in ka gaji ka faɗa mini," in ji ta, suna fitowa daga wurin ajiye motoci.

"Gajiya? Ni da na ɗauki bijimi a kafaɗa na haye rafi?"

"Bara ɗan maraƙi ka ce."

"Ya girma."

Gari ya cika ya batse. Ko'ina ka juya kiɗa ne, ta gaba banjo, molon Turawa, ta baya jita, sai ka rasa wanne ƙafarka za ta bi. Hayaƙin gasasshen naman alade ya rufe titi, yara na yawo da masara gasassa man shanu na ɗiga musu a gwiwar hannu, tsofaffi sun baje kujerun naɗewa a inuwar dogayen benaye. Can ƙarshen titi ga babban dandamali, da lasifikoki jibga-jibga da wani allo da ke nuna fuskar mawaƙi ta kai girman ƙofar rumbu. Verlon ya tsaya ya ɗan saurara. Yaran da ke kan dandamalin sun iya, bai hana su ba, yatsunsu kamar walƙiya. Ya ji daɗi a ransa, ya kuma tuna cewa ba don shi ya riƙe sandar tsintsiyar nan ba da yanzu suna can suna wankin mota.

Amma mai neman ɓataccen take ba ya zuwa dandamali. Da'ira yake nema. A kowane lungu, a bakin otal, a ƙarƙashin gada, za ka ga mutane sun yi zobe suna fuskantar juna suna kiɗa, wanda bai san wani ba sai ya matsa masa ya shiga. Ƙa'idar ɗaya ce a ko'ina. Wanda ya tada take shi ne mai shi, yana bai wa kowa nasa zagayen da ƙiftawar ido, kuma take ba ya mutuwa sai mai shi ya ɗaga ƙafa ɗaya daga ƙasa. In bai ɗaga ba, ko hannunka zai cire ba ka da ikon tsayawa.

Sun leƙa da'ira bayan da'ira. Verlon yakan tsaya a baya ya kasa kunne, ya tambayi mai furfurar cikinsu ko ya san Alfadari. Wani ya ce bai taɓa ji ba. Wani ya ce ya sani, ya ja wani abu daban da ko jaki ba zai amsa ba. Rana ta fara karkata lokacin da suka iso wata da'ira a ƙarƙashin itatuwan bakin kogi, wadda wani ƙaton mutum mai jan gemu ke riƙe da ita da uwar gogen nan da ake kafawa a ƙasa ana fizgar tsirkiyarta da yatsu. Dewey ne, ɗan wani tsohon abokin aikin Verlon a ramin kwal.

"Kawu Verlon!" ya yi ihu. "An ce mana ka mutu!"

"An gwada. Ubanka yana nan yana satar kajin mutane?"

"Ya tuba, yanzu shi ke karɓar baiko a coci."

"To cocin ta shiga uku."

Aka kwashe da dariya, aka buɗe masa wuri. Lorene ta buɗe masa kujera, ya ture ta da ƙafa. Ya fito da gogen, ya goga wa baka ƙaro, ya ɗaura tsirkiya har ta yi masa yadda yake so. Akwai wata mata mai banjo da tabarau a goshi, da wasu masu jita, da wani dogo mai goge sabo ƙal.

"Tado mana, dattijo," in ji mai banjon.

Verlon ya gyara riƙon gogensa. Bai saba roƙo ba, bai kuma yi niyyar farawa yau ba.

"Zan gwada ku," ya ce. "Zan ba ku gangarar wani take. In kun cika makaɗa ku kawo mini hawansa."

Lorene ta dube shi ta gefen ido.

Ya ja baka. Kai, tsoho ya ja! Gangarar ta fito da nauyi da ƙura, kamar amalanke a kan tsakuwa. Dewey ya kama gindinta nan take, masu jita suka bi, banjo ta shigo tana tsalle. Ya maimaita ta yadda ake yi, sai aka iso inda hawa zai fara. Duk idanu suka koma kansa. Verlon ya ji ramin nan a gabansa, wanda ya sani tun bara, fanko, babu komai. Ya ƙifta wa dogon mai goge.

Dogon ya ƙirƙiro wani hawa mai daɗi, mai kwalliya, ya sauko da shi lafiya lau. Verlon ya girgiza kai ya koma gangara. Ya ƙifta wa mai banjo. Ta kawo nata, mai sauri, har 'yan kallo suka tafa. Ya girgiza kai. Mai jita na farko, ya girgiza kai. Na biyu, bai ma bari ya kai rabi ba. Aka zago, aka sake zagowa. Ƙafar Verlon tana ƙasa kamar an kafa ta da ƙusa.

Mutane suka fara taruwa, don ba abin da ke jan 'yan biki kamar take da ya ƙi ƙarewa. Gumi ya jiƙa gemun Dewey.

"Kawu, don Allah ɗaga ƙafar nan!" ya ce, hannunsa bai tsaya ba.

"Ƙafata ce ko taka?"

"Yatsuna sun fara tsagewa!"

"Ubanka ya haƙa kwal da farce bai yi kuka ba."

"Dattijo, kai ka ja mana hawan mana mu ji!" in ji mai banjo.

"In na ja muku me kuka koya?"

Aka yi dariya, amma Lorene ba ta yi ba. Ta ga yadda kafaɗarsa ta dama ta fara sauka. Ta matso kusa da kunnensa.

"Baba, ya isa. Ba su sani ba. Mama ba za ta damu da rabi ba."

"Ba ki san uwarki ba," ya ce ta gefen baki. "Ko rabin burodin masara aka kai mata sai ta tambayi ina sauran."

Yana faɗa yana jin hannun na mutuwa. Ya san saura kaɗan baka ya faɗi, a gaban wannan taro kuwa. Sai aka ji wata murya kamar ana goga ƙarfe a dutse ta ratso ta bayan mutane.

"Wane mara tausayi ne yake yanka Alfadari a tsakiya yana jefar da rabi?"

Aka dare. Wata tsohuwa ce 'yar firit, da rigar furanni da takalman fata na maza, ta rungumo wani faifan katako a hammata, irin wanda masu rawar taku ke yawo da shi a biki. Verlon ya gane ta tun kafin ta iso. Ozella Napier ce, daga kwarin da ke bayan dutsensu. Mutanen kwarinsu da na su Verlon tun kakanni ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Af," ta ce, "ashe ɗan gidan Slusher ne. Dole. Ku ko rijiya kuka fara a rabi kuke barin ta."

"'Yar gidan Napier! Na ɗauka tuni an binne ki."

"Ina jira in ci wake a taka jana'izar tukuna."

"Kin san hawansa?" Maganar ta fita daga bakinsa kafin ya kama ta, ba wasa a cikinta.

Ozella ta dube shi, ta dubi hannun. Idonta ya ɗan sauya.

"Ni ba na kiɗa, kuma muryata ko kaza ba ta kira," ta ce. "Amma na taka shi a ɗakin taba tun ina budurwa, ni da Icie ɗinka, har ƙasa ta san mu. Ci gaba da ja."

Ta jefa faifan a ƙasa ta hau. Daga ƙugu zuwa sama ba abin da ke motsi, hannuwa a sake, fuska kamar mai jiran mota. Ƙafafun ne kawai ke magana, dunduniya da yatsu, ƙwas-ƙwas, shar-shar, a manne da katako. Ta bi gangarar daidai. Da aka iso bakin ramin, Verlon ya sauke baka, sauran ma suka yi shiru, sai Dewey kaɗai ke riƙe da gindi. Ozella ba ta tsaya ba. Ƙafafunta suka wuce cikin hawan su kaɗai. Sun ɗan yi tafiya, sai dunduniyarta ta buga wani taku guda da ba a jira ba, dam, sannan ta ci gaba. Kiɗan Dewey ya tuntsura, ya tsinci kansa ya riga ta da taku ɗaya.

"Iya, kin ƙara taku," ya ce.

"Ban ƙara ba, jan gemu. Nan ne alfadarin yake turjewa. Ka taɓa ganin alfadarin da ya haye gada ba gardama?"

Verlon bai ji sauran ba. Wannan dam ɗin ya sauka masa a ƙirji. Tun bara yake neman hawan a miƙe, yana ƙirga shi daidai da gangara kamar kowane take, yaran nan ma duk a miƙe suka kawo nasu, ashe gurgu ne, yana da ƙafa guda da ta fi. Ya ga ɗakin taba, ya ga siket ɗin Icie yana tsayawa cak a wannan wurin kafin ya sake juyawa.

"Sake," ya ce.

Aka koma gangara. Aka iso bakin rami. Wannan karon bai nemi komai a kansa ba, ƙafafun tsohuwar ya zuba wa ido. Yatsunsa na hagu suka hau tsirkiya da kansu, baka ya bi su, goge ya tashi sama yana kuka, ya turje a inda dunduniyarta ta turje, ya haye.

Wani a cikin taro ya ƙwalla ihu. Lorene ta rufe baki da hannu biyu. Verlon kuwa bai ko ɗaga gira ba, kamar wanda ya san haka za a yi.

"Kun ji?" ya ce. "Abin da nake jira ku kawo ke nan."

Ya ja shi, ya sake ja. Dogon mai goge ya kama a zagaye na gaba, mai banjo ta yi tuntuɓe a turjiyar ta yi dariya ta gyara, Dewey ya riƙa gyaɗa kai yana jiran wurin. Wasu masu faifai suka jefa nasu kusa da na Ozella, katako ya ɗauki amo har cikin kogi. Taken ya cika, ya yi ƙiba, ya zagaya kowa. Ƙafar Verlon dai tana ƙasa.

"Kawu!" in ji Dewey. "An samu ai! Me kuma ake jira?"

Abin da ake jira Verlon kaɗai ya sani. Tsoro yake ji. Muddin ana ja, hawan yana hannunsa. In ya tsaya fa? Kada ya koma inda ya fito. A kan kabari babu Ozella, babu faifai.

"Baba, na ɗauka a waya," in ji Lorene.

"Waya ce za ta tsaya kan uwarki?"

Ozella, numfashinta ya fara sarƙewa, ta harare shi ba ta fasa taku ba.

"Kai Slusher, so kake ka kashe ni a kan katako mutanenku su ce sun ci gari? Ɗaga ƙafar nan. Abin da ya dawo da ƙafarsa ba ya gudu."

Ya kai ƙarshen hawan. Ya ɗaga ƙafa. Kowa ya gani, aka dunƙule kiɗan wuri guda aka ajiye shi, tsit. Dewey ya tsoma yatsunsa cikin kofin shayi mai ƙanƙara na wani bawan Allah bai ko nemi izini ba.

Wannan karon Verlon bai ture kujerar ba. Lorene ta kawo musu wake da burodin masara da yankakkiyar albasa, shi da Ozella suka zauna a inuwa suna ci suna gardamar wane kwari ne ya fi yawan ɓarayin kankana. Ta ce taken na kakanta ne, Slusher aro suka yi. Ya ce kakanta ko ƙofa ba ya iya ƙwanƙwasawa daidai. Daga babban dandamali wata ƙungiya ta tada waƙar coci murya huɗu, jirgin ruwa ya wuce yana busa, da'irar Dewey ta shiga wani take daban, sannan wani. Verlon ya bari duk suka shiga kunnensa suka tattake wurin. Da gangan ya yi. Sai da ya suɗe kwano, ya goge hannu a wando, ya ɗauki gogen.

"Kar ki motsa ƙafa," ya ce wa Ozella. "Ko yatsa."

Ta naɗe ƙafafunta a ƙarƙashin kujera. Ba Dewey, ba jita, shi kaɗai, yadda zai tsaya a kan kabarin Icie ranar Lahadi. Ya ja gangara. Ya iso bakin gada. Alfadari ya hau, ya turje, ya haye.

"To," in ji Ozella, "ka gaishe mini da Icie. Ka ce mata har yanzu na fi ta taku."

"Zan faɗa mata. Ita za ta zo ta ba ki amsa da kanta."

Ranar gyaran kaburbura ya tsaya kan Icie gaban dangi kaf ya ja mata shi cikakke, har sai da mai wa'azi ya yi gyaran murya don abinci na hucewa. Mai shakkar wannan labari ba sai ya yi ta gunaguni a bayan ido ba. Hanyar gidan Verlon Slusher ba ƙofa a kanta. Ya ɗauko gogensa ko banjonsa ya hau dutsen, ya same shi a baranda, ya ce a tado Alfadari. In ya haye gadar nan bai tuntsura ba, ya kira tsohon maƙaryaci a gaban kowa.